Tambayi Likita: Haɓon da ba na hunturu ba

Tun shigowar hunturu wasiƙun haɓo suka yi mana yawa, kuma haka ake yi kowace shekara, daga Disamba har zafin Afrilu da Mayu ya wuce. Galibinsu amsarsu ɗaya ce: iska ta bushe, fatar cikin hanci ta tsage, yatsa ya ƙarasa aikin. Kusan haɓo 9 cikin 10 daga wuri ɗaya yake fitowa, wato gaban bangon da ya raba kafofin hanci biyu, inda ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu kamar saƙar gizo daf da fata. Wannan makon mun ware wasiƙun da labarinsu ya sha bamban da na sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. Ɗana mai shekara 15, ɗan koleji, ya kai wata takwas yana haɓo. Kullum ta kafar hagu jinin ke fitowa, kuma ba ɗan ɗigo ba, wani lokacin sai ya jiƙe riga da ɗankwali kafin ya tsaya. Kafar nan a toshe take dare da rana, yana barci baki buɗe yana minshari, muryarsa kamar ta mai mura. Kwanan nan ya ce kunnensa na hagu ya dode. Mun je wani gidan likita na unguwa har sau uku, ana ce mana zafin rana ne, a ba mu maganin ɗigawa. Idan an haska da tocila ana hango wani jan nama can ciki. Kakarsa ta dage a kai shi wajen wanzami a cire, kamar yadda ake cire beli. Me kuka gani? (Wata uwa, unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kada aska ko wani ƙarfe ya kusanci hancin yaron nan. Ki ba Kaka haƙuri, in da hali ki karanta mata amsar nan.

Abu huɗu kika faɗa da suka sa muka tsaya: namiji ne, yana shekarun balaga, kafa ɗaya ce ke jini, kuma ita ce a toshe. Haɓon hunturu yawo yake yi, yau dama gobe hagu, yana tsayawa in an matse, kuma ba ya toshe hanci wata da watanni. Idan waɗannan huɗun suka haɗu, likitan hanci yakan fara tunanin wani ƙari da za ki ga an rubuta sunansa da Faransanci a takarda, fibrome nasopharyngien, wasu kuma su ce anjiyofibrom. Tabbaci sai an duba shi, amma labarinki ya yi kama da shi ƙwarai.

Ba kasafai ake ganin wannan ƙari ba, bai kai ko kashi 1 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a kai da wuya ba. Kusan samari maza kaɗai yake kamawa, tsakanin shekara 10 zuwa 25, saboda yana da alaƙa da sinadarin balagar namiji. Ba cutar kansa ba ce, wato ciwon daji, ba ya ƙaura zuwa huhu ko hanta. Amma kada wannan ya sa a saki jiki. Hanci bai tsaya inda yatsa ke kaiwa ba, rami ne da ya miƙe ciki har ya haɗu da maƙogwaro a saman ganɗa. Can ƙuryar, a gefe, akwai wata ƴar ƙofa a jikin ƙashi inda babbar jijiyar jinin hanci ke shigowa. A bakin wannan ƙofa ƙarin ke tsirowa, kuma daga jijiyar yake sha kai tsaye. Yana girma a hankali, yana tura abin da ke gabansa kamar yadda saiwar bedi ke tsaga katangar gida: ya cika kafar hanci, ya cika bayan hanci, ya shiga kogon kunci, wato ramin da ke cikin ƙashin kunci, ya bi bayan muƙamuƙi har kumatu ya kumbura, ya shiga ramin ido ya turo idon waje, a wasu lokuta ya ci ƙashin gindin ƙoƙon kai. Dodewar kunnen da ya faɗa miki ma daga nan take. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa bayan hanci da cikin kunne, in ƙari ya danne bakinsa sai ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu.

Ga dalilin da ya sa muka hana wanzami. Jijiyar jini mai lafiya tana da tsoka a bangonta, in an yanke ta sai ta tsuke da kanta, jini ya daskare ya toshe bakin. Jijiyoyin da ke cikin wannan ƙari ba su da isasshiyar tsokar nan. In an yanke su a buɗe suke zama. Jan naman da kike hangowa da tocila ɗan bakinsa ne kawai, gangar jikin tana can inda hannu ba ya kaiwa balle a danne. Yaro na iya zubar da jinin da zai kai shi lahira kafin a iso asibiti daga cikin gari. Saboda haka ko a asibiti ba a gutsurar naman don gwaji, abin da ake kira biyopsi, muddin ana zargin wannan ƙari ne. Idan wani ma'aikaci ya ce bari ya ɗan tsinko kaɗan a kai laburatuwar, ki ce a fara yin hoto tukuna. Ba rashin kunya ba ne, ƙa'idar aikin kenan.

Abin yi shi ne ki nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, a babban asibitin jiha ko asibitin Referans na nan Maradi. Likita zai fesa maganin kashe zafi ya zura siririyar kyamara mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ya kalli ƙarin ba tare da ya taɓa shi ba. Minti kaɗan ne. Za a auna ƙarfin jininsa da rukuninsa. Saurayi irinsa ya kamata awon ya kai giram 13. Wanda ya yi wata takwas yana zubar da jini ba mamaki a same shi ƙasa da haka sosai, kuma in ya sauka ƙasa da 7 akan yi maganar ƙarin jini. Daga nan sai hoton sikana tare da allurar da ke haska jijiyoyi. Hoton radiyo na fuska wanda aka saba yi ba ya wadatarwa, kada ki ɓata kuɗinki a kansa. A sikana ƙarin yakan sha allurar ya yi haske fes, ana ganin ƙofar nan ta faɗaɗa, bangon bayan kogon kunci kuma ya lanƙwaso gaba. Idan ana zargin ya kusanci ido ko ƙwaƙwalwa sai a ƙara da hoton IRM, wanda ya fi nuna nama.

Maganinsa aiki ne, a cire shi duka har tushe. In an same shi da wuri, ta cikin hanci ake cirewa da kyamara, babu tabo a fuska. In ya yi girma akan bi ta ƙarƙashin leɓen sama ko ta gefen hanci. Inda akwai kayan aiki, kwana ɗaya ko biyu kafin tiyata ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuwa jijiyar da ke ciyar da ƙarin, a toshe ta da wasu ƙananan ƙwayoyi, jinin da za a zubar a ɗakin aiki ya ragu ƙwarai. Ba kowane asibiti ke da wannan ba. Inda babu, likita yakan ɗaure ko ya matse jijiyar wuyan da ke kai jini wurin, ya kuma tanadi jini. Likitan ORL ne zai faɗa miki ko a nan za a yi, ko Yamai, ko wani wurin. Ke dai tun yanzu ki fara lissafin ƴan'uwa masu lafiya, daga shekara 18, masu nauyin kilo 50 zuwa sama, waɗanda za su ba da jini, don akan nemi leda biyu zuwa huɗu a ajiye, ko fiye in ƙarin babba ne. Wannan shiri na iya jinkirta aiki.

Za ki ji masu cewa a bar shi, in ya girma zai baje da kansa. An taɓa ganin wanda ya tsaya da girma bayan shekarun samartaka, amma babu mai iya cewa na wane ne zai tsaya, kuma kafin lokacin ido ko ƙashi na iya tafiya. Bayan aiki ma ba a sallama gaba ɗaya. In ɗan guntu ya maƙale a cikin ƙashi yakan sake tsirowa, galibi cikin shekara biyu zuwa uku na farko, don haka za a riƙa duba shi da kyamara ana maimaita hoto.

Kafin ranar ganin likita: ki daina ba shi maganin ɗigawar nan mai buɗe hanci. Irinsa ba a wuce kwana biyar ana amfani da shi, bayan haka ƙara toshe hanci yake yi, ga shi ba ya taɓa ƙarin. Kada ya sha asfirin, ibuprofen ko diklofenak, suna hana jini daskarewa. In kai na ciwo parasetamol ya isa. Ya bar ƙwallo, kokawa da face majina da ƙarfi. In an rubuta masa ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ya sha ta nesa da shayi, don shayi na hana ta shiga jiki.

Tambaya: Likita, a gidanmu gardama ake. Babana ya ce mai haɓo ya ɗaga kai sama a zuba masa ruwan sanyi a ƙeya, malaminmu na lakwal ya ce a sunkuya. Wanne ne daidai? (Ɗan makaranta, Tibiri)

Amsa: Yaro, malaminka ya fi kusa da gaskiya, amma ka faɗa wa Baba cikin ladabi. Ɗaga kai ba ya tsayar da jini, hanya kawai yake sauya masa: maimakon ya fito waje sai ya gangara maƙogwaro. Wanda ya haɗiyi jini da yawa zai yi amai, yunƙurin aman kuma ya sake tayar da haɓon. Ga shi babu wanda zai san yawan abin da ya zuba.

A zauna, a ɗan sunkuyo gaba. A sa babban yatsa da manuniya a matse wuri mai laushi na hanci, ƙasan ƙashin, duka kafofin biyu. Mutane da yawa karan hanci suke matsewa, can sama inda ƙashi yake, wannan aikin banza ne. A yi numfashi ta baki, a tofar da abin da ya taru. A riƙe minti 10 zuwa 15 da agogon waya ba tare da an saki ba. Nan ne ake yawan kuskure, bayan minti biyu mutum ya saki don ya leƙa, gudan jinin da ya fara haɗuwa ya ɓalle, a koma farko. In bai tsaya ba a maimaita sau ɗaya. In an kai rabin awa yana zuba, ko jiri ya kama mutum, ko jinin na bin maƙogwaro duk da matsewar, a tafi asibiti. Kada a cusa tsumma, takarda, toka, ganye ko garin taba. Ruwan sanyin Baba ba ya cutarwa, a bar masa shi, amma ba shi ne maganin ba.

Bayan ya tsaya, a yini ɗaya ba a face majina ba. Lokacin hunturu a riƙa shafa ɗan baselin a bakin kafofin hanci safe da dare. Ruwan gishiri ma na jiƙa hanci: ƙaramin cokali ɗaya a shafe cikin rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, a ɗiga kaɗan, a haɗa sabo kowace rana.

Wanda haɓonsa ke zuwa da tabon jini a fata, ko jinin dasashi, ko zazzaɓi da ɗashewa, matsalarsa a jini take ba a hanci ba, awon jini yake buƙata.

Tambaya: Ina da ciki wata shida. Sati biyar da suka wuce wani ɗan jan abu ya fito a bakin kafar hancina ta dama, daga ciki. Da kamar ƙwayar gero yake, yanzu ya kai ƙwayar wake. Ko alwala na yi na shaƙa ruwa sai jini. Tsoro nake ji kada ya zama kansa, don saurin girmansa ya yi yawa. (Wata ƴar'uwa, Tasawa)

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya raba lafiya. Saurin girman da ya tsorata ki, a irin wannan hali, shi ne ma ya sa muke ganin ba abin da kike tsoro ba ne. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wani ƙulli na ƙananan jijiyoyin jini da ke fitowa a gaban bangon tsakiyar hanci, daidai wurin da haɓo ya saba fitowa. Ja ne ko ja mai duhu, wani lokacin yana rataye da ɗan wuya, yana girma cikin makonni, ya yi jini da an taɓa shi. Ba kansa ba ne kuma ba ya rikiɗewa ya zama kansa. Kowa na iya samunsa, musamman mai yawan sa yatsa a hanci, amma ya fi son masu ciki daga wata na huɗu zuwa sama, saboda sinadaran ciki na sa jijiyoyi su yi yawa su buɗe, jinin jiki kuma ya ƙaru da kusan rabi. Irinsa ya fi fitowa a dasashi, ungozomomi da yawa sun san shi a can.

Duk da haka a bari likitan ORL ya gani da idonsa. In ƙarami ne, jinin kaɗan, akan jira haihuwa, don sau da yawa yakan motse ko ya ɓace cikin ƴan watanni bayan an sauka. In yana zubar da jini har ƙarfinki na raguwa, ko ya toshe numfashi, ana cire shi ko da cikin, da allurar kashe zafi a wurin kawai, ba sai an sa ki barci ba. Sirrin aikin shi ne a cire har da ɗan fatar da yake zaune a kai, a ƙona gindin. In aka tsinke kan kawai dawowa yake yi. Abin da aka cire a kai shi awo, ko da kowa ya tabbata ba komai ba ne.

Wajen alwala ki shaƙa ruwan a hankali, ki face a hankali, kada ki murza da tawul. Ki shafa baselin. Ki ci gaba da ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki. Abu ɗaya kuma da ba mu so ki manta: duk mai cikin da ke haɓo a auna mata hawan jini. In ya kai 14/9, wato 140/90, ko akwai ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ko gani dishi-dishi, wannan ya fi ƙullin hancin gaggawa, ranar za ki je asibitin uwa da yaro ba gobe ba.

Tambaya: Ƴata mai shekara uku tana fitar da majina mai wari da jini-jini ta kafa ɗaya, yau sati uku. Shin ita ma ƙari ne? (Wani uba, Madarunfa)

Amsa: Malam, a shekara uku, majina mai ɗoyi ta kafa ɗaya, kusan kullum wani abu yarinya ta cusa: ƙwayar gyaɗa, wake, dutsen ado, guntun soso ko takarda. Kada ka bi shi da tsinke ko ashana, tura shi ciki za ka yi, yana iya faɗawa hanyar numfashi. Kada ka zuba ruwa, wake da gyaɗa kumbura suke yi. A asibiti cikin minti kaɗan ake fiddo shi da ɗan ƙugiya. Wanda ba ya jira ko na awa ɗaya shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo ko kayan wasa, don cikin ƴan awoyi yake ƙona nama har ya huda bangon hanci.

Tunda kusa da tabki kuke, mu ƙara da wannan don manyan yara masu wanka da masunta. Matsattsaku na iya shiga hanci tana ƙarama, ta maƙale tana shan jini, yawunta kuma na hana jini daskarewa, sai a yi ta ɗigon jini ta kafa ɗaya kwana da kwanaki. Akwai kuma wata ƙwayar cuta ta ruwan da ba ya gudu, an fi saninta a Indiya da Siri Lanka amma ana samunta jefi-jefi a Afirka, mai haddasa jan tsiro mai ɗigo-ɗigon fari a hanci, mai saurin jini. Duka biyun a asibiti ake cire su.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Shekarata 58, ɗan kasuwa ne ni. Shekara biyu da suka wuce an cire mini nama a kafar hancin dama a wani asibiti, aka ce naman hanci ne irin na kowa, aka nuna mini shi aka zubar. Na samu sauƙi kamar wata goma. Yanzu toshewar ta dawo a wannan kafar dai, ba na jin ƙanshi sosai, in na face sai in ga jini cikin majina, idona na dama kuma na yawan hawaye. Ina da hawan jini, abokaina sun ce shi ne ke kawo jinin. In koma a sake cirewa? (Wani Alhaji, Sabon Gari, Maradi)

Amsa: Alhaji, a sake cirewa, amma ba irin cirewar farko ba.

Mu fara da hawan jinin. Yana sa haɓo ya daɗe bai tsaya ba, kuma lalle ka ci gaba da shan maganinka, amma hawan jini ba ya toshe kafa ɗaya ya bar ɗaya, ba ya sa ido ɗaya hawaye. Ruwa ba ya tsami banza.

Naman hanci irin na kowa, wanda ake kira polip, yana da kamanninsa. Kafofi biyu yake kamawa, fari-fari ne mai sheƙi kamar ɓararren inabi, ba ya ciwo, ba kasafai yake jini ba, kuma yakan zo wa masu yawan atishawa ko asma. Nama a kafa ɗaya tak, a jikin namijin da ya haura 50, mai jini-jini, wanda aka cire ya dawo wurinsa, wannan sai an ɗauke shi wani abu daban har awo ya wanke shi. Na farko a cikin abin da muke zargi shi ne wanda ake rubutawa papillome inversé. An kira shi mai juyayyen girma ne saboda fatarsa, maimakon ta tsiro waje kamar sauran tsiro, ciki take nutsawa cikin naman da ke ƙarƙashinta. Ya fi kama maza, wajen ninki biyu zuwa uku na mata, daga shekara 50 zuwa 70. Daga bangon gefen hanci ko cikin kogon kunci yake tasowa, samansa gurzau-gurzau, launinsa toka-toka zuwa ja. Hawayen idonka wataƙila ya danne hanyar da hawaye ke bi daga ido zuwa hanci ne.

Shi ma ba kansa ba ne, amma yana da hali uku da suka sa likitoci ba sa wasa da shi. Yana cin ƙashin da ke kusa da shi a hankali. Yana dawowa in an bar ko ɗan kaɗan. Sannan a cikin kowane mutum 100 masu shi, tsakanin 5 zuwa 15 akan sami kansa ɓoye a cikinsa, ko dai tun farko ko daga baya. Don haka kuskuren da ya fi girma a aikinka na farko shi ne zubar da naman. Duk abin da aka ciro daga hanci, musamman daga kafa ɗaya, a kwalba ake sa shi cikin ruwan formol mai hana nama ruɓewa, a aika wa masu duba nama da madubi. Sakamakon yakan ɗauki makonni, yana kuma da ɗan kuɗi, shi ya sa wasu ke yafe shi. Bai kamata ba. Ganin ido a nan ganin kitse ake yi wa rogo.

Ga yadda ya kamata a bi wannan karon. Kyamara tukuna, sannan sikana. A hoton likita na neman wani wuri inda ƙashi ya yi kauri fiye da kewayensa, don galibi nan ne gindin ƙarin. IRM na taimakawa a bambance ƙarin da majinar da ta taru a bayansa, wadda a sikana duk kamarsu ɗaya. Bayan hoto ya nuna ba ƙullin jijiyoyi ba ne, kuma bai haɗu da ƙwaƙwalwa ba, sai a gutsuri kaɗan a auna. Ka ga bambancinka da saurayin wasiƙar farko: shi an hana gutsura, kai kuwa dole ce, amma ku duka hoto ne ke gaba. A wajen aiki ba a tsaya ga ciro abin da ya cika hanci ba. Ana bin sa har inda ya kafu, a ɗaye fatar wurin da ɗan abin da ke kewaye, a goge ƙashin da ke ƙasa da injin gurza, don ƴan ƙwayoyinsa na ɓuya a cikin ramukan ƙashin. In a cikin kogon kunci ya kafu sai an buɗe bangon da ke tsakanin kogon da hanci don a ga ko'ina. Aiki na biyu ya fi na farko wuya saboda tabo, shi ya sa ya dace ka nemi likitan da ya saba yin sa, ko da zai kai ka Yamai ko Kano. Ka tafi da duk takardun aikin farko. In kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini saboda zuciya, ka faɗa tun ranar farko, amma kada ka daina da kanka. In kana shan sigari ko shaƙar garin taba, lokacin bari ya yi, don masu shan taba sun fi fuskantar dawowarsa da rikiɗewarsa.

Akwai alamun da in ka gansu ba za ka jira ranar da aka ba ka ba: fatar kunci ko leɓen sama ta daina jin taɓi, haƙoran sama su fara girgiɗi ba dalili, gani biyu-biyu, ido ya turo, ciwon fuska mai hana barci, ko ƙulli a wuya wanda ba ya ciwo.

Bayan aiki za a sa maka auduga ta musamman a hanci kwana ɗaya zuwa uku, sannan ka yi makonni kana wanke shi da ruwan gishiri sau biyu ko uku a rana don ɓawon ciki ya fita. Dubawa da kyamara kuwa kowane wata uku zuwa huɗu ne a shekara biyu na farko, daga nan kowane wata shida, har a cika aƙalla shekara biyar, wasu likitocin ma ba sa sallama sam, sau ɗaya a shekara suke ci gaba da gani. Ka sa ranakun a waya, don wanda ya dawo yana ƙarami ba ya toshe hanci balle ka ji shi, kyamara kaɗai ke ganinsa.